Kayan 'Yan Viking Da Allura Da Zare

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni tela ce, wata kwastoma ta kawo min hoton rigar matan Viking wai ita take so kuma da hannu, ban da keke. Ta ina zan fara don Allah?

Amsa: Yawwa 'yar'uwa, ki fara da yadi. Mutanen nan na Norway da Denmark da Sweden, daga wajen 793 zuwa 1066, ulu da lilin suka fi sawa, siliki sai masu hali, shi ma ɗan siriri ake yankawa a bi bakin wuya da hannu. To ki ajiye leshi da shadda a gefe.

Riga biyu ce, doguwa ta lilin a ciki, sai ta sama mai igiya a kafaɗa da ake maƙalewa da manyan maɓallan ƙarfe biyu masu siffar ƙwai a ƙirji. Ɗinkin kuwa ki yi shi ƙanana a jere, kina gamawa ki kalmashe bakin ta ciki ki sake bi, in ba haka ba lilin zarewa yake tun wankin farko kiga aikin sati ya tafi a banza.

Surfani kar ki cika shi kamar na babbar riga. Wanda aka tono a wani kabari a ƙauyen Mammen na Denmark, na wajen 970, zaren ulu ne aka bi layi da shi aka fitar da ganye da fuskoki da dabbobi. Shuɗinsu kuma sinadarinsa ɗaya da na baba, shukar rinin nan tamu ta marina, ki leƙa marinar Ƙofar Mata a Kano a rina miki.