Filin Tambaya da Amsa: Ginin Ɗakin Kaji da Zafin Bazara

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina, kuma ina kiwon kaji a bayan ɗakina saboda ƙwan da yara za su ci da 'yan kuɗin cefane. Bara a watan Afrilu na rasa kaji shida cikin mako guda ba tare da sun nuna alamar wata cuta ba. Da safe suna tsintar abincinsu lafiya lau, bayan azahar sai in tarar da su a kwance baki buɗe. A lokacin suna cikin kejin kwano mai fuskantar yamma. Yanzu maigida ya amince a yi musu wuri na dindindin, magini kuma ya ce a ɗaga ɗaki na bulo har sama, a rufa da kwano, a bar taga ɗaya, saboda muzuru da ɓarayi. Kaji 15 nake son ajiyewa. Shin in bi shawararsa?

Wata mai karatu, Katsina

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Yadda kika bayyana mutuwar kajin nan, da lokacin da take faruwa, da irin kejin da suke ciki, duk sun fi nuni da cewa zafi ne ya kashe su. Shawarata ita ce kada ki bari a gina wannan ɗaki yadda magini ya tsara, domin ɗakin bulo mai taga ɗaya da rufin kwano zai maimaita miki asarar bara, har ma ya fi, tunda bulo yana shan zafin rana ya riƙe shi ya ci gaba da fitar da shi bayan magariba. Maginin bai yi ƙarya ba game da muzuru, amma ya tsara miki ɗakin ajiyar kaya, alhali abin da kaza take bukata a ƙasarmu rumfa ce mai inuwa da iska, wadda aka tsare ta da raga.

Dalili kuwa yana jikin kazar. Zafin jikinta yana kai digiri 41 a ma'aunin Salshiyas, ga gashi ya lulluɓe ta, kuma ba ta yin gumi kamar mutum. Yanayin da ta fi sakewa a ciki bai wuce digiri 18 zuwa 24 ba. Idan zafi ya haura 30 sai ta fara rage cin abinci, ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai don iska ta ratsa ƙarƙashinsu, kuma wannan hakin shi ne babbar hanyar da take fitar da zafi. A Katsina kuwa daga Maris zuwa Mayu ranaku da yawa sukan kai digiri 40 ko su wuce ko da a inuwa ne, ballantana a ƙarƙashin kwanon da rana ta daka tun hantsi. Idan iskar da kaza take shaƙa ta kai zafin jikinta, kuma iskar ba ta motsi, hakin ba ya wadatar da ita. Tun kafin a kai ga mutuwa ma za ki ga ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi yana fashewa a hannu, saboda yawan haki yana rage sinadarin da jikinta ke gina ɓawon da shi.

Farkon abin da za ki tsayar da magini a kai shi ne mazaunin ginin. A shimfiɗa shi ta yadda tsawonsa zai miƙe daga gabas zuwa yamma, gajerun ɓangarorin biyu su kasance su ne ke kallon fitowar rana da faɗuwarta. Waɗannan biyun a toshe su da bango, dogayen ɓangarorin kudu da arewa kuma a bar su a buɗe. Bangon yamma zai tare ranar la'asar, wadda ita ce ta cinye miki kaji bara, na gabas kuma zai tare hadarin farkon damina, wanda a nan yawanci daga gabas yake tasowa da iska da ƙura. Idan akwai darbejiya ko wata bishiya a gidan, a matsa kusa da ita ta yadda inuwarta za ta faɗa kan rufin da rana tsaka. Kada a cusa ginin a lungun da katanga biyu suka haɗu, ko da kuwa nan ne ya fi sauƙin kuɗi saboda an samu bango a ɓagas, domin iska ba ta kewayawa a irin wannan wuri.

Rufi shi ne wurin da ya cancanci a kashe kuɗi da tunani. Rufin bunu ko na zana mai kauri ya fi kowanne sanyi, kuma ba banza ba kakanninmu suka riƙa yi wa akurki jinka; aibinsa shi ne yana bukatar sabuntawa, ɓeraye suna son sa, ga kuma tsoron gobara a cikin gari. Idan kwano za ki sa, to kada a bar shi tsirara. A ɗaga shi ya kai ƙafa 8 daga ƙasa a ɓangare mafi tsawo, kada kuma ya gaza 7 a ɗaya ɓangaren, sannan a shimfiɗa zana ko karan dawa a samansa, a ɗora su kan 'yan sanduna yadda za a samu tazarar kamar faɗin tafin hannu tsakaninsu da kwanon, a ɗaure da waya don kada iskar damina ta kwashe. Wannan tazara tana da muhimmanci, domin zanar ce za ta sha rana, iska kuma ta bi ta ƙarƙashinta ta kwashe zafin kafin ya sauka. Wanda bai samu zana ba ya shafa wa bayan kwanon farin fenti. Ki gwada da kanki wata rana da azahar: ki kai tafin hannu kusa da kwanon da aka rufa wa zana ta ciki, sannan ki kai kusa da wanda ba a rufa ba, ba sai kowa ya yi miki bayani ba. Haka kuma bakin rufin ya zarce bango da ƙafa 2 zuwa 3 ta kudu da ta arewa duka, saboda a Katsina daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana takan ɗan karkata arewa, sauran watanni kuma kudu, ga feshin ruwan sama da shi ma zai tare.

Game da muzuru da ɓarayi, raga da kwaɗo sun isa. A ɗora bulo layi biyu kawai a dogayen ɓangarorin, daga nan har rufi a ja ragar waya mai ƙarfi, mai ƙananan idanu na rabin inci, wadda gafiya da manyan macizai ba za su ratsa ba. Ragar nan mai laushi da aka fi sayarwa da araha tana hana kaza fita, amma ba ta hana kare ko muzuru yaga ta. A yi daɓen siminti, ko kuma a binne gindin ragar kamar ƙafa guda a ƙasa saboda gafiya mai haƙa rami. Ginshiƙai in an samu na ƙarfe ya fi, in kuma katako ne a shafe gindinsa da baƙin mai saboda gara. Duk bangon da aka gina a yi masa yaɓe sumul, domin kaskar kaji a cikin tsagar bango take ɓuya da rana, ta fito da dare ta sha jininsu.

Kaji 15 suna bukatar ɗaki mai faɗin ƙafa 6 da tsawon ƙafa 10, wato kowace ta samu kimanin murabba'in ƙafa 4, kuma a yanayinmu gara a ƙara da a rage, tunda kowace kaza ita ma zafi take fitarwa. A zuba ɓuntun shinkafa ko dusar katako a ƙasa, amma a bazara kada ya yi kauri sosai. A gitta sandunan kwana kamar ƙafa 2 daga ƙasa, kowace kaza ta samu wurin da ya kusa ƙafa guda don kada su matsu da dare. Akwatin ƙwai uku ko huɗu sun wadatar, a jera su a jikin bangon gabas. Tsohon kasko ko kwando ma yana yi.

Filin da za su riƙa fita su sha iska ya kai kamar ƙafa 10 da 15, a kewaye shi da raga, a rufe samansa saboda shaho da shirwa, a kuma yi wa aƙalla rabinsa rumfar zana. A wani gefe cikin inuwa a tara yashi gauraye da toka, su riƙa birgima a ciki, abin da ke rage musu ƙuma da ƙwarƙwata. Da hantsi ki yayyafa ruwa a ƙasan rumfar, za ki ga sun tona sun kwantar da ƙirjinsu a kan damshin.

Ruwan sha kuwa shi ne rabin aikin bazara. Kaza mai ƙwai takan sha kusan rubu'in lita a rana, idan zafi ya tsananta kuma tana iya ninka haka, sannan ba ta son ruwan da ya yi ɗumi, ko da ƙishirwa na damunta. Saboda haka kada a bar mazubin roba a rana. Ki ajiye randa a inuwa kusa da ɗakin, ki riƙa ɗebo musu daga ciki sau biyu ko uku a yini, mazubi kuma ya zama fiye da ɗaya don manya kada su hana ƙanana. Abinci a ba su da sassafe da kuma bayan la'asar, a ɗauke shi da tsakar rana, domin narkar da abinci yana ƙara zafin jiki. A Maris da Afrilu, lokacin da iska take a bushe, buhun algarara da aka jiƙa aka rataya a jikin raga yana sanyaya iskar da ke shiga, bisa hikimar da ke sanyaya ruwan randa. Amma da zarar hadari ya fara haɗuwa iska ta yi nauyi, a daina, kuma kada a taɓa rufe ragar gaba ɗaya da shi.

Za ki iya cewa to ina batun hunturu, tunda ɗakin a buɗe yake. Babbar kaza ta fi jure sanyinmu nesa ba kusa ba a kan zafinmu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ki saki labulen buhu a ɓangaren arewa da dare, ki naɗe shi da hantsi. Abin tsoro a wannan lokaci shi ne annobar Niyukasul, wadda ke share kajin unguwa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin rigakafinta, har da nau'in I-2 mai jure zafi wanda ake ɗigawa a ido, kuma akan maimaita shi bayan wata uku zuwa huɗu. Ki nemi likitan dabbobi ya yi musu tun kafin sanyi ya shigo.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Daura, ina so in fara da kajin nama na gidan gona guda 30 a gidanmu. Shin akwai lokacin da bai dace a zuba su ba? Kuma idan na ga kaza ta galabaita da zafi, in tsoma ta a ruwan ƙanƙara?

Wani mai karatu, Daura

AMSA

Barka kadai ɗan'uwa, Allah ya sa albarka. Kajin nama su ne suka fi kowace kaza rauni a gaban zafi, saboda nauyin jikinsu da yawan cinsu, kuma mafi girma a cikinsu su ke fara faɗuwa, wato daidai lokacin da ka gama kashe kuɗin abinci. Ɗan tsako a makonsa na farko yana son ɗumi na digiri 32 zuwa 35, don haka bazara ba ta cika damunsa ba. Haɗarin yana farawa ne daga mako na biyar zuwa sama. Ka yi lissafi yadda girmansu ba zai faɗo a Afrilu ko Mayu ba, in kuma dole ne saboda kasuwar Sallah, to ka rage yawansu a ɗakin. Idan ƙwai kake so nan gaba, ka duba Shika Brown, wadda cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke Shika kusa da Zariya ta samar don yanayin ƙasar nan, ko kajin gida, musamman masu wuya marar gashi.

Ruwan ƙanƙara kuwa kada ka tsoma ta a ciki, domin sauyin na iya yi mata yawa. Ka kai ta inuwa mai iska, ka tsayar da ƙafafunta a ruwan randa, ka shafa mata shi a ƙarƙashin fukafukai da kan tukku, ka ajiye ruwan sha a gabanta ba tare da ka ɗura mata ba, sannan kada ka mayar da ita cikin sauran sai hakin ya lafa ta miƙe da kanta.