Tambaya da Amsa: Hotuna Sun Ƙi Fitowa a Shafina

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da huluna da manyan riguna masu aiki a Sabon Gari, ina kuma da shafin WordPress a kan sabar da na yi haya, ni nake kula da ita da kaina. Ubuntu 22.04 ce da Nginx (manhajar da ke miƙa shafi ga masu ziyara), ram ɗinta, wato ƙwaƙwalwar aiki ta wucin gadi, 1GB. Tun da na kwaso shafin daga inda yake a da, hoto yakan hau amma ƙananan kwafinsa ba sa fitowa, wani sa'in ma ya tsaya cak ya ba ni kuskure. Na sa php-gd, wato ƙarin da ke ba PHP (harshen da WordPress ke aiki da shi) damar sarrafa hotuna, umarnin php -m ya nuna yana nan, amma shiru. Ko in goge komai in sake? Daga mai karatu a Sabon Gari, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka goge komai tukuna. Abin da php -m ya nuna maka gaskiya ne, sai dai ba PHP ɗin da ke riƙe da shafinka ya ba ka amsa ba. Wanda kake kira daga allon umarni yana karanta saitinsa daga /etc/php/8.1/cli/, shi kuwa wanda Nginx ke miƙa wa aiki, wato PHP-FPM, nasa saitin yana /etc/php/8.1/fpm/. Buɗe fayil ɗin shafinka a /etc/nginx/sites-available/ ka nemi layin fastcgi_pass, za ka ga lambar PHP ɗin da ke aiki da gaske. Sau da yawa mutum ya ƙaro wata sabuwar PHP daga wani rumbun manhajoji, sai php-gd ya tafi wa sabuwar, alhali shafin yana kan 8.1. Saboda haka ka sa shi da lambarsa: apt install php8.1-gd php8.1-imagick, sannan systemctl restart php8.1-fpm. Idan ba ka sake tayar da FPM ba, zai iya ci gaba da tsohon saitinsa.

Don ka tabbatar, shiga WordPress ka bi Tools, Site Health, Info, ka buɗe Media Handling. Nan zai faɗa maka ko GD ko Imagick, wato kayan sarrafa hoto biyun da ka sa yanzu, yake amfani da shi, da irin hotunan da zai iya sarrafawa. In duka biyun suna nan, Imagick yake fifitawa. Tsofaffin hotunan da suka hau babu ƙananan kwafi ba za su gyaru da kansu ba, sai ka gudanar da wp media regenerate idan kana da WP-CLI, manhajar sarrafa WordPress daga allon umarni.

Tsayawar da yake yi kuwa, mun fi zargin ram. Hoton JPEG kamar turmin atamfa ne a ninke: 6MB da kake gani nauyinsa ne a ninke, amma kafin GD ya rage shi dole ya baza shi gaba ɗaya, kowane ɗigo yana cin bayit 4. Hoto mai faɗin 4000 da tsawon 3000 ɗigo miliyan 12 ne, wato kusan 48MB. Na wayar da aka sa ta ɗauka a megafiksel 50 zai ci wajen 200MB, ban da kwafin da ake yankowa daga jikinsa. Asalin memory_limit na PHP, wato iyakar ram ɗin da aka yarda ya ci, 128M ne, WordPress kan ɗaga shi zuwa 256M lokacin sarrafa hoto, ka ga wurin ya matse. Duba /var/log/nginx/error.log. Idan ka ga "Allowed memory size exhausted", iyakar PHP ce ta cika. Idan babu komai a can, buga dmesg ka nemi "Out of memory": wannan na nufin ram ɗin sabar ne kansa ya ƙare, Linux ya kashe aikin, wani lokaci ma MySQL, ma'ajiyar bayanan shafin, yake kashewa shafin duka ya faɗi.

A sabar mai 1GB ba ma ba da shawarar ɗaga memory_limit zuwa 512M, domin ram ɗin da babu shi ba ya samuwa da rubuta lamba. Ƙara swap, wato wani yanki na faifai da ke tsaya wa ram idan ya cika, na 2GB ya zama abin tallafi, sannan ka riƙa rage hoton tun a waya. Tun daga WordPress 5.3 hoton JPEG da ya wuce ɗigo 2560 a faɗi ko tsawo ana rage shi zuwa nan, don haka ɗora mai 8000 asarar data ce kawai. Aikin zaren hula yana fita tsaf a 2000.

Tambaya: Ni ce ke kula da shafin wata makarantar Islamiyya a Samaru. Duk hoton da ya ɗan yi nauyi idan na zo ɗorawa sai in ga lambar kuskure 413, sannan takardun PDF ba sa nuna hoton bangonsu. Me ke kawo haka?

Amsa: Malama, ƙofa uku fayil ke bi kafin ya shiga. Lambar 413 daga Nginx take, domin asalin client_max_body_size ɗinsa, wato iyakar girman abin da yake karɓa, 1MB ne. Bayan shi akwai upload_max_filesize na PHP mai 2M da post_max_size mai 8M. Ki mai da na farko 20M, na biyu 16M, na uku 20M, ki tabbatar post_max_size bai gaza upload_max_filesize ba. A php.ini na fpm za ki gyara na PHP, ki gwada Nginx da nginx -t kafin ki sake tayar da su biyun.

Batun PDF kuwa da gangan aka toshe shi. ImageMagick, manhajar da Imagick ke aiki da ita, yana dogara da wata manhaja mai suna Ghostscript wajen karanta PDF, kuma bayan raunin tsaro da aka gano a Ghostscript a 2018 Ubuntu ya hana hakan a /etc/ImageMagick-6/policy.xml. Idan malamai amintattu kaɗai ke ɗora takardu, ki sa ghostscript, ki sabunta sabar, ki nemi layin da ke da pattern="PDF" ki mai da rights="none" zuwa rights="read". Idan kuwa iyaye da ɗalibai ma suna iya ɗorawa, ki bar shi a toshe, ki ɗauki hoton bangon da kanki.

Tambaya: WordPress ya ce ba zai iya rubutu a jakar uploads ba. Wani abokina ya ce in ba ta izinin 777. Daga Tudun Wada.

Amsa: A'a, ɗan'uwa. 777 yana ba kowane asusu a sabar ikon rubutu a jakar. Matsalar mallaka ce, galibi saboda an kwafo fayilolin da asusun root, wato na mai cikakken iko a sabar. Yi chown -R www-data:www-data a kan wp-content/uploads don mai da mallakarta ga www-data, asusun da PHP-FPM ke aiki da shi, ka bar jakunkuna a 755, fayiloli a 644. In har yanzu ya ƙi, duba df -h, wataƙila faifan ne ya cika.