Zauren Tambaya: Ba an ce an gama da shan inna ba?

Tambaya: Salam Anti. Satin da ya wuce masu rigakafi sun shigo layinmu tare da wani bawan Allah a kan keken guragu, shi ke ta yi wa maza bayani a ƙofar gida. Maigidana ya ce ai biyansu ake yi, kuma wai an gama da cutar tuntuni. Yarana biyu an sha ɗiga musu, dan Allah in ci gaba da fito da su? Daga wata uwa, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, ki ci gaba da fito da su wlh, muddin ba su kai shekara 5 ba. Maigida yana da gaskiya ta wani ɓangare, a watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar, wadda a Najeriya aka ga ta ƙarshe a Borno a 2016. Amma akwai wani nau'in da ke ɓulla a inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba kuma shi ma yana shanye ƙafa, ga Afganistan da Pakistan har yau asalin cutar na can, ita kuwa ta kashi take bi ta shiga ruwa da abinci, kin dai san yanayin kwatocinmu da damina. Ɗigo biyu sau ɗaya ba ya wadatarwa shi ya sa ake ta maimaitawa.

Maganar biya kuma gaskiya ta taɓa ni. Ko an ba shi na mota, ai ba kuɗi ne ya shanye masa ƙafa ba. Mutumin nan da hannu yake murza keke a hawa da gangaren Jos, wani ma silifas yake sawa a tafin hannu ya ja jiki, ya zo har ƙofarki don kar ɗanki ya sha abin da ya sha. Tun bayan 2003 da aka dakatar da rigakafi a Kano cutar ta sake bazuwa, irinsu suna cikin masu bi gida-gida, uban da ya kori ma'aikaciya sau da yawa in ya ga mai larurar da idonsa sai jikinsa ya yi sanyi. A nan Jos ma Ayuba Gufwan, wanda cutar ta kama yana yaro, ya kafa cibiyar Beautiful Gate suna ƙera kekuna suna raba wa masu larurar kyauta.

In sun dawo ki lallaɓa maigida ya zauna da shi ko minti biyar ne, ya tambaye shi duk abin da ke ransa. Sannan in kika ga ƙafar yaro ko hannu ya saki farat ɗaya, kar a tsaya cewa iska ce, a garzaya asibiti a gwada kashinsa.