Ina kayar da mutane a muhawara, amma ba wanda ke sauya ra'ayi

Tambaya: Malam, na daɗe ina horon judo. Wani mai koyar da sirrin rinjayar kowa a muhawara ya ce a riƙa amfani da ƙarfin abokin gardama a kayar da shi. Ina bin dabarunsa, mutane suna yin shiru, amma ba wanda ya sauya ra'ayi, wasu abokaina ma sun fara ƙaurace mini. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, matsalar tana cikin abin da aka sayar maka. Shirun mutum ba ya nufin ya gamsu, domin wanda aka kunyata a gaban jama'a yakan rufe baki ne kawai, ya tafi yana ƙara riƙe ra'ayinsa. Jigoro Kano, wanda ya kafa makarantar Kodokan a Tokiyo a 1882, ya gina judo kan sarrafa ƙarfi yadda ya fi dacewa da kuma amfanar juna, amma malamin muhawararka ya ɗauki na farko ya yi watsi da na biyun.

Kullum ina cin karo da wannan ruɗin na cewa akwai wata ɓoyayyar dabara da ke aiki a kan kowa, kuma na gaji da masu tallarta. Ka san masu iƙirarin kayar da mutum ba tare da sun taɓa shi ba: suna ɗaga hannu, almajiransu suna zubewa ƙasa, saboda almajiran sun riga sun yarda za su faɗi. A 2017, a birnin Chengdu na ƙasar Sin, Xu Xiaodong, ɗan wasan faɗa mai haɗa dambe da kokawa, ya doke Wei Lei, wani malamin taici, wato fasahar faɗa ta gargajiya ta Sin, cikin daƙiƙu kaɗan, domin fasahar malamin ba ta saba da mai turjiya da gaske ba. Haka hujjar da ba a gwada ta sai a gaban masu gyaɗa kai take. Jigoro Kano ya ware mafi haɗarin dabaru daga randori, wato kokawar atisaye a judo, don ɗalibai su gwabza da dukkan ƙarfinsu ba tare da rauni ba, kuma ya sa mondo, wato tambaya da amsa tsakanin malami da ɗalibi, cikin hanyoyin koyarwarsa. Duk malamin da ba ya yarda a ja da shi, ka guje shi.

Ka tuna cewa faɗuwa aka fara koya maka kafin jifa. Idan aka kawo hujjar da ta fi taka, ka amsa a fili yadda kake buga tabarma idan an shaƙe ka. Kafin ka soki ra'ayin abokinka, ka maimaita masa shi da kalmominka har ya ce haka yake nufi, sannan ka tambaye shi wace shaida ce za ta sa ya sake tunani, kai ma ka faɗa masa taka. Ka fara da abokan da suka ƙaurace maka, ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban taro ba.