Katin tallar Singer mai hoton kimono: jabu ne? In kai shi laminetin?

Tambaya: Ni tela ne mai tara tsofaffin tallace-tallacen keken ɗinki. Na sayi wani ƙaramin kati mai hoton 'yar Japan sanye da kimono, rigarsu ta gargajiya, a gaban keken Singer, sai na ga bayansa da Turanci aka rubuta. An damfare ni ke nan? Gefensa kuma ya fara cinyewa, shi ya sa nake so a yi masa laminetin.

Amsa: Malam, Turancin nan ba alamar jabu ba ne. A 1892 Singer ta buga jerin katuna masu nuna tufafin al'ummun duniya, ta raba su a baje kolin Chicago na 1893. Don Amurkawa aka yi su. Kamfanin bai kafa kasuwancinsa a Japan ba sai wajen 1900, can ma ya sha fama, domin da hannu ake ɗinka kimono, a farke ta in za a wanke, a sake haɗawa. Ka duba katin da gilashin ƙara girma. Na asali ɗige-ɗigen launinsa a warwatse suke, na sabon bugu kuwa a jere reras.

Amma laminetin, don Allah kar ka soma. Kullum sai an kawo mini takardar da aka kashe ta wannan hanya: takardar fili, hoton kaka, satifiket. Mai shagon kwamfuta zai ce maka "ai ya zama na har abada", alhali bai san komai game da tsohuwar takarda ba, kuɗin aikinsa kawai yake hange. Zafin injin yana narkar da gam ya ratsa cikin takardar, danshin da ke jikinta ya maƙale a ciki, ta ci gaba da lalacewa kana kallo ba halin taɓawa. Ranar da ka ce za ka ɓare ledar, da fuskar hoton za ta taso. Masu sayen kayan tarihi ko taya irin wannan ba sa yi. Abu ya shekara sama da 130 lafiya lau, a gama da shi cikin minti biyu! Salatif ma ɗan uwansa ne, tabonsa ba ya fita.

Ka yi sikanin ɗinsa, ka buga kwafi ka manna a shago. Na asalin ka sa shi a ambulan marar asid, irin na adana tsofaffin takardu, ka kwantar a akwati, nesa da rana da laimar damina. Gefen da ya cinye ka bar shi yadda yake.