Tambaya da Amsa: Annabi ya ce facalata ce ta yi mini sammu

Tambaya: Baba Fasto, salama. Ni 'yar Zumuntar Mata ce, gida ɗaya muke zaune da facalata, matar wan mijina. Wata biyar ke nan ba ma ga maciji saboda kuɗin adashe. Ni ce uwar adashe, ranar ɗaukarta kuɗi bai cika ba, ta zage ni a gaban mata, ni ma na rama. Tun daga nan kasuwata ta tsaya, autana kuma ba ya rabuwa da zazzaɓi. Wata ƙawata ta kai ni gidan addu'a, annabin ya ce facalar ce ta yi mini sammu, in yi azumin kwana 21, in sayi man shafewa. Na daina cin Jibin Ubangiji domin zuciyata ba ta da tsabta. In ci gaba da azumin? Ina tsoron kada ta kashe mini yaro.

Amsa: Salamar Ubangiji ta kasance tare da ke, 'yata. Kafin komai, ki goya yaron nan ki kai shi asibiti a gwada jininsa. Zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa likita yake nema, kuma kwana 21 ya yi wa ƙaramin yaro yawa ya zauna jira.

Akwai wurin da kika tsallake a wasiƙarki. Kuɗi bai cika ba, to ina ya tafi? Wasu ne ba su zuba ba, ko kuwa kin ɗan taɓa kin saka a kasuwa da niyyar mayarwa? Ba tuhumarki nake yi ba. Amma kin ba ni labarin zaginta dalla-dalla, naki kuwa kika ce kin rama, kika wuce. Haka Haruna ya yi sa'ad da Musa ya tsare shi a Fitowa 32:24, ya ce ya zuba zinariya a wuta ne kawai, sai ga ɗan maraƙi ya fito. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani.

Sai annabin naki. A nan zan daɗe, domin abin ya ishe ni. Kusan duk mai zuwa wurina da rikicin gida, sai na tarar wani ya riga ni, ya kuma riga ya nuna masa maƙiyi. Ki tuna yadda zamanku ya tafi. Bai fara tambayarki da wa kike rigima ba? Ko ƙawar da ta kai ki ba ta riga ta ba shi labari ba? Sai ya rufe ido, ya girgiza kai, ya yi ta nishi, ya dawo miki da sunan da ke da kanki kika ba shi. Daga nan a ɗauko 'yar kwalbar man zaitun, irin wadda ake sayarwa a shago, a ninka mata kuɗi. Ban taɓa jin ɗayansu ya dubi wanda ya kawo kuɗi ya ce masa, kai ne da laifi, je ka nemi gafara ba. Wa zai sake dawowa in an faɗa masa haka? Natan kuwa, annabin gaske, sarki Dawuda ya tsaya wa a gaba ya ce masa shi ne mutumin (2 Sama'ila 12:7), alhali sarkin na da ikon sa a kashe shi.

Za su buɗe miki Afisawa 6:12, su ce yaƙin ruhaniya ne. To ki karanta ayar da kanki. Cewa ta yi famarmu ba da nama da jini ba ce, facalarki kuwa nama da jini ce, matar da kuke shanya a igiya ɗaya. Ban ce babu Shaiɗan ba, ban ce babu masu sihiri ba. Amma a Galatiyawa 5:20 Bulus ya jera sihiri a layi ɗaya da gaba, da jayayya, da kishi, da fushi. Sihirin da ake zargin facalarki da shi ba wanda ya gani. Gabar wata biyar kuwa duk gidan sun shaida, har yaranku sun koyi ɗauke kai in sun haɗu a bakin rijiya. Yakubu 4:1 ya tambayi inda faɗace-faɗace ke fitowa a tsakaninmu, ya kuma amsa cewa daga sha'awace-sha'awacen da ke yaƙi a cikinmu ne. Bai aika kowa tonon laya a bayan ɗaki ba.

Kuma wannan magana tana kisa. Zargin maita da sammu ya sa an kori tsofaffin gwauraye daga gidajensu, an doke yara, an raba 'yan'uwa ciki ɗaya har kabari. Dokar ƙasar nan ma ta hana zargin mutum da maita. Ki yi tunani, in wani abu ya sami yaron, Allah ya kiyaye, bayan kin riga kin gaya wa mijinki cewa matar wansa ce, me zai faru a gidan nan? Annabin ba zai zo rabon faɗa ba.

Saboda haka ki ajiye azumin. Ishaya 58:4 ya riga ya yi magana a kan masu azumi suna husuma, ya ce irin wannan azumi ba ya sa a ji muryarsu a sama.

Binciken kai ba ɗaukar laifin kowa ba ne. Zagin da ta yi miki a gaban mata nata ne, ita za ta amsa shi. Ke ki ɗauki naki, ko da kashi ɗaya ne cikin goma. Ki samu takarda ki rubuta nawa ne bai cika ba, da dalili, da maganganun da suka fita daga bakinki ranar, da sunayen waɗanda kika gaya wa zancen sammu. Matiyu 5:23-24 ya ce in ka kawo baiko kan bagade, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon ka je ku shirya tukuna. Mai tunawa shi ne mai tashi, ko wane ne ya fara.

Ki same ta ita kaɗai, lokacin da maza suka fita, yara suna makaranta. Ki riƙe kuɗinta a hannu, ko ki faɗi ranar da za ki biya. Kada ki ce in na ɓata miki rai ki yafe, kin san kin ɓata. Ki faɗi abin da kika yi da sunansa, kada ki ɗora amma a kai. Waɗanda kika gaya wa zancen sammu, ki koma ki janye shi a gabansu ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya fi biyan kuɗin wuya. In ta ƙi saurarenki, ki ɗauki mutum ɗaya ko biyu kamar yadda Matiyu 18:16 ya ce, shugabar Zumunta ko wani dattijon ikilisiya mai riƙon asiri. Ban da zauren WhatsApp na mata. Mai yiwuwa ta ƙi shiri har ƙarshe, Romawa 12:18 ma iyakar abin da ke hannunki ya nema.

Batun Jibin Ubangiji kuwa, 1 Korantiyawa 11:28 cewa ya yi mutum ya binciki kansa, sa'an nan ya ci gurasar ya sha ƙoƙon. Ba a ce ya ƙaurace wa teburin wata biyar yana jiran zuciya ta wanke kanta ba. Ki tambayi fastonku ranar Jibi na gaba, ki tabbata kin shiga ɗakin facalarki kafin ranar.