Kuɗin cunkoso ko harajin mai: abin da na gani a Landan

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gara a bar harajin man fetur a koma cajin direba gwargwadon cunkoso don a samu kuɗin gyaran hanyoyi. Ina tuƙin motar haya a Landan tun kafin a fara wannan caji, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

A Fabrairun 2003 magajin gari Ken Livingstone ya sa fam 5 a rana ga mafi yawan motocin da ke shiga tsakiyar birni. Babu shinge, babu mai miƙo hannu, kyamara ce ke ɗaukar lambar motarka. Makonnin farko wallahi tituna kamar safiyar Lahadi. Daga nan kuɗin ya yi ta hawa: fam 8 a 2005, fam 15 a 2020. Mu masu motar haya da ake kira ta waya an ɗauke mana da farko, sai a 2019 aka ce mu ma mu biya, baƙaƙen tasi kuwa aka ƙyale su. Wannan har yau yana ci mini rai.

Gaskiya harajin mai ya fara tsufa. Ba a ƙara shi a Birtaniya ba tun 2011, kuma mai motar lantarki yana taka kwalta ɗaya da ni amma ba ya leƙa gidan mai. Sannan manomin da ke bin hanyar ƙauye shi kaɗai da mai toshe titi da ƙarfe takwas na safe, kuɗi ɗaya suke biya a lita.

Sai dai kada ka ɗauka cajin nan asusun kwalta ne. Mafi yawan kuɗin Landan bas-bas aka zuba wa, kuma shi ya sa mutane suka haƙura, don wanda ya ajiye motarsa yana da abin hawa. Gosulon ma ya dawo bayan da motocin kai saƙo suka yawaita.

A gida kuwa ka tuna Obasanjo ya rushe tolget a ƙarshen 2003 da nufin a koma karɓar naira ɗaya da sule biyar a kan lita, wato akasin shawararka, ƙungiyar ƙwadago ta ƙi. Idan ka caji mai shiga Kantin Kwari da safe, me zai hau in ya bar motarsa? Adaidaitan da zai tare ma cikin gosulon take.